Gashin kare da atishawar da ta ƙi ƙarewa

Wani likitan dabbobi ne yayi wannan laccar a Garwa bayan la'asar, daga rikodin na waya na kwafo, inda ƙarar mashina ta cinye maganar na tsallake.

Assalamu alaikum, iyayena da ƴan uwa sannunku da fitowa, na baya ku matso akwai benci. Dalilin wannan zama, kusan duk sati sai wani yazo min da zancen wai a Yawunde ko Duwala an nuna masa karen turawa wanda baya sa aleji, wai shi gashinsa irin na mutum ne, na sauran karnuka kuma wani abu ne daban, har an yanka masa kuɗi masu nauyi. Toh turawa ne suka raba suna biyu, mu a Hausa duk gashi muke cewa, kuma mu ne muka fi kusa da gaskiya domin duk abu ɗaya ne ake kira keratin, shine a farcenka, shine a ƙahon saniya da kofaton doki.

Bambancin yana wajen daɗewa. Ko wane silin gashi yana da kwanakinsa, ya tsiro yayi tsawo, ya tsaya ya huta, sannan sabo ya turo shi ya faɗi. Irin kanish ɗin nan mai murɗaɗɗen gashi, nasa yana daɗewa yana tsawo shi yasa sai an riƙa yi masa aski, kuma wanda ya tsinke ɗin ma baya faɗowa ƙasa sai ya maƙale cikin ƴan uwansa, kai kuma kaga ɗaki fes kace baya zubarwa. Shi kuwa berje alman da alhazanmu suke so saboda gadi riga biyu gare shi, na sama mai kauri, na ƙasa mai laushi kamar auduga, a Turai sau biyu a shekara yake zubar da na ƙasan sosai saboda tsawon yini yana canzawa, nan kuwa yininmu bai cika canzawa ba sai ya riƙa zubarwa kaɗan kaɗan ba hutu. Kuma don Allah in zafin Maris da Afrilu yazo kar ku kama shi ku yi masa ƙwal kwabo wai tausayi, gashin saman nan ne yake tare masa rana, a sa mataji a cire na ƙasan, a bashi inuwa da ruwa. Karnukanmu na farauta su ma suna zubarwa, gajere ne kawai baku lura.

Amma in kaga gashi ya zube wuri wuri, fata tayi ja ko ɓawo, kare sai susa yake, wannan ciwo ne, ko kirci ko ƙuma ko makero, shi makero kuma yana kama yara, a kawo mana shi.

Yanzu maganar aleji, nan nake so ku buɗe kunne. Ba gashin bane yake sa ka atishawa da jan ido. Wani sinadari ne da yake cikin yawun kare da fitsarinsa da ɓurɓushin fatarsa mai kama da amosani, babban cikinsu likitoci suna ce masa Can f 1. Kare ya lashi jikinsa, yawun ya bushe ya zama gari, garin ya tashi cikin iska ya sauka kan tabarma da labule da matashin kai, gashin nan ɗan dako ne kawai. A 2011 masu bincike a birnin Detroit na Amurka sun shiga gidajen masu karnuka sun kwashi ƙurar ɗaki sun auna, gidajen da ke da karen da akace baya sa aleji da sauran gidajen basu ga wani bambanci ba. A 2012 a Holan aka sake aunawa, sai ma aka tarar sinadarin yafi yawa a gashin kanish ɗin da ake yabo. Ko Obama a 2009 irin waɗannan karnukan ya kai fadarsa saboda ƴarsa tana da aleji, daga nan kasuwarsu ta ƙara buɗewa, amma shugaban ƙasa ya saya bai zama hujjar likita ba.

Wani abin mamaki, akwai wani sinadarin Can f 5 da namijin kare ne kaɗai yake fitar dashi, wasu mutane shi kaɗai ne matsalarsu, karya bata damunsu.

Hukuncin yawun kare da wanke ƙwarya sau bakwai na barwa malamai gasu nan a gaba, ni na jiki nake faɗa. Kare ya zauna a tsakar gida, kar ya shiga ɗakin kwana, in ka taɓa shi wanke hannu kafin ka kai ido, a taje shi a waje, ɗaki kuma a goge da jiƙaƙƙen tsumma domin tsintsiya tada garin kawai take. Wanka yana ragewa amma kwana biyu uku ya dawo.

Na'am Hajiya, ina jinki. Tace jikanta yana tari da dare tun hunturu, kare ne ko ƙura? Toh Hajiya lokacin hunturu kowa tari yake, daga nan bazan iya yanke miki ba. Ki kai shi gidan ƴar uwarki da ba kare yayi sati biyu ki gani ko zai lafa, amma in kinji ƙirjinsa yana fito kamar usur ko numfashi yana masa wuya kar ki jira sati biyun, asibiti zaki kai shi a daren, yana iya zama asma. Akwai mai wata tambayar? Ɗan samari na baya, ɗaga murya.