Halwa a Tsakiyar Jama'a: Zikirin Zuci Cikin Hidimar Yau da Kullum

Assalamu alaikum. 'Yan uwa na baya, idan murya ba ta isa gare ku a ɗaga hannu.

Mafi yawan masu fara zikirin zuci ba a kan sallaya suke faɗuwa ba. A can komai lafiya lau, ido a rufe, ɗaki shiru. Da zarar an naɗe sallaya an fita neman abinci, sai zuciya ta koma inda ta saba, ba a sake tunawa sai dare. Malaman ɗarikar Naƙshabandiyya sun daɗe da gane wannan ciwo. Abdulhaliƙ Gujdawani, mutumin wani gari kusa da Buhara a ƙasar Uzbekistan ta yau, ya kafa ƙa'idoji 8, daga baya Baha'uddin Naƙshaband, wanda ya rasu a 1389, ya ƙara 3 suka zama 11. Guda daga ciki ita ce kan maganarmu: halwa cikin jama'a, hannu yana aiki zuciya tana wurin Ubangiji. Hujjarsu aya ta 37 cikin Suratun Nur, wadda ta yabi mazajen da fatauci da ciniki ba sa shagaltar da su daga ambaton Allah. A lura, ayar ba ta ce sun bar kasuwar ba.

To, a fara da zaman kansa, don wanda bai ɗebo ruwa da safe ba ba shi da abin sha da rana. Minti goma zuwa goma sha biyar bayan sallar asuba ya ishi mai farawa. Ka zauna da alwala, baya a miƙe ba tare da sandarewa ba. Rufe baki, ka manna harshe a ganɗa. Wannan ba ado ba ne: harshen da aka sake yakan motsa da kansa, sai zikirin ya koma na baki. Sai ka mai da hankali wurin da ake kira laɗifar zuciya, kamar faɗin yatsu biyu ƙasa da nonon hagu, ka bar sunan "Allah" yana maimaituwa a can ba sauti. Tunanin bashi zai zo, na abin da wane ya faɗa jiya zai zo. Kada ka yi kokawa da shi, don kokawar ma shagala ce. Ka koma wurin, ko sau ɗari ne.

Akwai mataki na biyu, korewa da tabbatarwa. Ana riƙe numfashi, a ja "La" daga cibiya zuwa ƙwaƙwalwa, a sauke "ilaha" a kafaɗar dama, a buga "illallah" a kan zuciya. Adadin cikin numfashi ɗaya wutiri ne, 1, 3, 5, har mai ƙwarewa ya kai 21. Nan ne mutane ke cutar da kansu. Wani ya ji 21 sai ya ce yau zai kai, ya danne iska har jiri ya ɗebe shi, ya ga walƙiya a ido ya ɗauka buɗi ne daga Allah. Ba buɗi ba ne, iska ce ta yi wa jiki ƙaranci. Mai hawan jini, mai ciwon zuciya da mai juna biyu su bar riƙe numfashi gaba ɗaya. Sauran ma, wannan mataki ba a ɗaukarsa daga littafi, sai a gaban malamin da ya bi hanyar.

Yanzu fita waje. Kada ka ƙirƙiro sabon lokaci, ka rataya zikirin a jikin abin da dole ka yi shi. Hannunka ya kama marikin ƙofa: numfashi ɗaya, shiga da fita, kana sane da shi, sannan ka buɗe. Waya ta yi ƙara: bar ta ta yi sau biyu, ka koma wurin zuciya, sannan ka amsa. Biyu ko uku irin waɗannan sun isa a makon farko. Wanda ya ɗora goma zai zubar da goman kafin Juma'a ta zagayo. Ayyukan da hannu ya riga ya haddace, wanki, shara, tafiya a ƙasa, su ne gonar zikirin zuci. Cikin tafiya akwai ƙa'idar sauke ido a kan ƙafa, saboda abin da ido ya kwasa shi zuciya ke taunawa. Amma tuƙi, da aiki da inji ko wuƙa, da lissafin kuɗin mutane, a nan zikirinka shi ne ka ba aikin cikakken hankali.

Sai bincike, wanda malaman ɗarikar suke kira wuƙufi na lokaci. Duk bayan awa biyu ko uku ka tsaya ka tambayi kanka: wannan tsakanin, a farke na yi shi ko cikin gafala? In a farke ne, ka gode. In gafala ce, istigfari, ka ci gaba, ba tare da zama zagin kai ba.

An miƙo takarda ana tambaya a kan adadin sunaye, wato hisabin haruffa da masu ilimin asirai ke amfani da shi. Kowane harafin Larabci yana da lamba. Sunan "Allah": alif 1, lam biyu 60, ha 5, jimla 66. "Laɗif": 30, 9, 10, 80, jimla 129, shi ya sa kuke jin ana jan "Ya Laɗifu" ƙafa 129. Kuskuren da ake yawan yi: hisabin ƙasashen Gabas da na Magrib, wato Arewa maso yammacin Afirka, sun saɓa a haruffa shida. Harafin sin 60 ne a Gabas, 300 ne a Magrib, don haka wanda ya ɗauko adadi daga nan ya haɗa da na can ya gauraya lissafi biyu. Malamai kuma sun yi saɓani a kan ingancin ƙayyade adadi ta wannan hanya, wasu sun karɓa, wasu sun ƙi. Ra'ayina, amfanin adadi shi ne ya tsare ka daga ragi ranar kasala da wuce gona da iri ranar zumuɗi. Wanda ya riƙe shi kamar makullin da zai tilasta a biya masa buƙata ya canza hanya.

Tambaya ta biyu, mai cewa tun da ya ƙara wuridi barci ya ƙaurace masa, yana jin muryoyi. Ɗan'uwa, ka dakatar da ƙarin daga yau, ka koma minti goman asuba kaɗai, ka ci abinci, ka kwanta da wuri. Ka sanar da malaminka. In muryoyin ba su ɗauke ba cikin 'yan kwanaki, ko suna umartarka da wani abu, ka ga likita a makon nan.