A sa wa mota turbo da kuɗi kaɗan: ina ya kamata kuɗin su tafi?

Assalamu alaikum jama'a, barkanku da war haka. Yau maganar turbo za mu yi, saboda nan Yamai matasa da yawa suna zuwa gareji suna cewa patron a ɗaura mini turbo, na samo okaziyo wajen 'yan ferai da araha. To a tsaya tukuna a ji yadda abin yake kafin a taɓa moter.

Ku duba wannan turbon da ke hannuna. Fanka biyu ne a kan sanda ɗaya. Hayaƙin da moter ke fitarwa ta eshapma shi ke juya ta farko, ita kuma ta biyu ta zuƙo iska ta matsa ta cikin silinda, kamar dai zugazugin maƙeri. Iska ta ƙaru, a ƙara mai, wuta ta yi ƙarfi. Sandar nan tana juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya. Dabarar kuma ba sabuwa ba ce, wani injiniya ɗan Suwizalan, Alfred Büchi, tun 1905 ya yi rajistarta.

Turbon kanta ita ce mai sauƙi a cikin lissafin. Abin da ke cin kuɗi shi ne abin da ke kewaye da ita, kuma nan ne mutane ke yin rowa, moter ta mutu.

Mu fara da motar esansi. Wadda aka ƙera ba turbo, matsinta cikin silinda yakan kai wajen 10 bisa 1, masu turbo na kamfani a da ana saukar da su zuwa 8 ko 9. In ka tura iska da yawa cikin mai matsi 10, ga zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40, mai zai fashe da kansa kafin lokacinsa, za ka ji wani ƙas ƙas ƙas kamar ana kaɗa tsakuwa cikin gwangwani, wannan ƙarar piston take ci da sagiman, wato zobban da ke jikin piston, wani lokaci juwan kulas, wanda ke liƙe tsakanin kan moter da jikinta, ya tafi gaba ɗaya. Shi ya sa mai ƙaramin aljihu ya tsayar da matsin iskar turbo a 0.4 ko 0.5 bar (bar shi ne ma'aunin matsin iska). Rabin bar ɗin nan ma ya isa ka ji mota ta canja ƙwarai. Kuma dole mai ya bi iska: enjekta manya, pompo mai ƙarfi, sannan wanda ya iya ya gyara lissafin kwamfutar motar. Moter da ba ta samun isasshen mai a ƙarƙashin turbo narkewa take yi, ba wasa.

Sai gazuwal, wanda mu nan shi ya fi damunmu. Land Cruiser mai moter 1HZ, lita 4.2, silinda shida, ƙarfin dawaki wajen 130, kowa ya san juriyarta a rairayi. Ana sa mata turbo kuma tana ɗauka, amma fa Toyota da za su yi mai turbo sai suka fito da wata moter, 1HD-T, da piston dabam, da yadda mai ke shiga dabam. Ke nan 1HZ ba don wannan aka yi ta ba. Kuskuren da na fi gani shi ne makanike ya buɗe pompo ya ƙara gazuwal har baƙin hayaƙi ya turnuƙe, mai mota yana murna wai ƙarfi ya zo. Wannan baƙin hayaƙin zafi ne, kuma a doguwar tafiya, ka ce Yamai zuwa Dosso, Ƙonni, har Tahoua da kaya maƙil, piston zai tsage. Agogon auna zafin hayaƙi, don Allah a saye shi.

In ni ne da kuɗin, ga yadda zan yi. Kafin komai a auna matsin kowace silinda, moter da ke shan man bidanj ko tana hayaƙi shuɗi a gyara ta tukuna. A wanke radiyata ko a canja ta. A nemi intakula, wato ƙaramar radiyatar da ke sanyaya iskar bayan turbo ta matsa ta, na manyan motoci okaziyo suna nan kuma suna aiki. Turbon kuma a zaɓi ƙarama, ta fi saurin tashi cikin gari, a kama sandar da yatsa a girgiza, in fankar tana gogar jikin gidan a bar musu abinsu. A duba wesget ɗinta tana buɗewa, don ita ce ke hana matsin wuce iyaka. Tiyon da ke mayar da man bidanj daga turbo zuwa ƙasan moter ya zama mai faɗi kuma ya gangara, in ya lanƙwashe mai zai taru ya fita ta hayaƙi. Ambireyaj ma ku sa shi cikin lissafi, tsohon yakan fara sulɓewa.

Wani lokaci in an haɗa duk wannan sai ka ga sayen cikakkiyar moter mai turbo ta kamfani, okaziyo, ya fi sauƙi, ni ma sau da yawa hakan nake ba mutane shawara.

Bayan an gama, filta ta iska ita ce abin lura, ƙurar hunturu in ta shiga tana cinye bakin fankar. Bidanj kuma a matso da shi kusa, da mai mai kyau. In kun dawo daga doguwar hanya kada a kashe nan take, a bar ta tana aiki minti ɗaya ko biyu mai ya zagaya sandar ta huce. A bidiyo mai zuwa za mu kwance wannan turbon gaban ku mu ga cikinta.