Darasi: Inda Ake Samun Duwatsu da Ma'adinai a Karkara

Assalamu alaikum masu saurare, barkanmu da war haka. Yau za mu yi magana ne a kan inda mutum zai dosa in yana son tsintar duwatsu masu kyau a ƙauye.

To, ɗan'uwa, kada ka fara da haƙa. Fara da rafi. Ruwan damina ya riga ya farfasa dutse, ya wanke shi, ya kawo maka har gindin tudu. Ka bari sai kaka, ruwa ya janye. In ka isa, duba inda rafin ya yi kwana, ta cikin kwanar, wurin da yashi ke taruwa. Duba kuma bayan manyan duwatsu. Nan ruwa ke rage gudu, abu mai nauyi ya zauna. Ɗebi yashin a ƙwarya, zuba ruwa, ka riƙa juyawa a hankali kamar mai rairayar gero. Mara nauyi zai fice, baƙi-baƙi ya rage a ƙasa. Kawo maganaɗisu. Wanda ya manne, na ƙarfe ne. Wanda ya ƙi mannewa, ga shi da nauyi a tafin hannu, in a ƙasar Jos kake, wajen Bukuru ko Barikin Ladi, ko Riruwai ta jihar Kano, mai yiwuwa kuza ce.

Bayan rafi, sai zaizayar ƙasa da gefen titin da aka yanka tudu, da kuma tarin duwatsun da manoma ke jibgewa a kan iyakar gona. Ni wannan na ƙarshen na fi so, don manomi ya san gonarsa, zai gaya maka inda garma ke tono farin dutse. Farin dutsen nan, wuƙa ba ta karce shi, shi kuwa yana karce gilashi. In ka ga mai ƙyalli kamar zinariya, ɗan ƙwanƙwasa shi: zinariya lotsewa take yi, na bogi kuwa rugurgujewa.

Amma kafin duk wannan, je ka gaida mai unguwa, ka nemi izinin mai gona. Ka kuma sani, a dokar ma'adinai ta 2007, arzikin ƙarƙashin ƙasa na gwamnatin tarayya ne. Haƙa don sayarwa sai da lasisi.

Don Allah, ina roƙonku, kada ku shiga tsohon ramin haƙa, kada ku bar yara su kusanci kududdufan kuza, suna da zurfi ƙwarai. Kuma kada a kawo dutse gida a daka. A 2010 ƙurar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe yara sama da 400 a Zamfara, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Abin da ka tsinto, wanke shi can bakin rafi, ka sa a leda, ka rubuta sunan wurin a takarda ka jefa ciki.