Me Ake Nema a Jikin Sitiroberin Daji?

Sitiroberin nan ja da ake nomawa a Filato da Kalifoniya bai cika shekara 300 a duniya ba. Ɗan barbara ne. A 1714 wani injiniyan sojan Faransa, Frézier, ya dawo daga Chile da tushe biyar na wani iri mai manyan 'ya'ya. Duka mata ne, don haka suka ƙi yin 'ya'ya, sai da aka dasa su kusa da wani ɗan'uwansu daga gabashin Amurka ta Arewa. Daga wannan haɗi aka samu wanda kuke ci yau.

To, ina matsalar? Kakanninsa ba su da yawa. Wani bincike na 1987 ya bi salsalar ire-iren da aka fitar a Amurka ta Arewa, ya tarar duk sun koma ga tushe 53 kacal. Gonar da kowa ɗan gida ɗaya ne, cuta ɗaya na iya kwantar da ita.

Shi ya sa masana ke komawa daji. A 1955, Royce Bringhurst na Jami'ar Kalifoniya ya tsinci wani sitiroberi a duwatsun Wasatch na jihar Utah, a Amurka. Ƙanana ne 'ya'yansa, ba manomin da zai kalle su sau biyu. Amma yana fure ko yini ya yi tsawo ko ya gajarta. Bringhurst ya yi ta barbararsa da na gona, zuriya bayan zuriya, har a 1979 aka fitar da ire-iren farko masu wannan hali. Ku lura, shekara 24 ke nan a kan hali ɗaya. Amma lokacin girbi ya tsawaita da watanni.

Wancan ya yiwu ne domin adadin kuromosom, wato 'yan zaren da ke ɗauke da halayen gado a cikin ƙwayar halitta, na ɗan Utah da na gona daidai yake, 56 da 56. Ƙaramin sitiroberin dajin Turai, wanda ƙamshinsa ya fi na kasuwa nesa, 14 gare shi. In aka haɗa shi da na gona, ɗan yakan fito da 35, kuma galibi ba ya haihuwa. Sai an fara ninka kuromosom ɗin na dajin da sinadarin kolcisin kafin a yi barbarar, sannan a shafe shekaru ana tace ƙananan 'ya'ya da laushin da ya zo da su.