Jawabin Maraba ga Mai Girma Ministan Sadarwa a Zaman Masu Ruwa da Tsaki kan Sunaye da Adireshin Intanet

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma Minista, babban baƙonmu na yau, tare da 'yan rakiyarsa, shugabannin kamfanonin sadarwa, malamanmu na jami'o'i, injiniyoyi, wakilan ƙungiyoyin farar hula, 'yan jarida da ɗalibai, iyayenmu da 'yan uwa maza da mata, ina yi wa kowa barka da zuwa, sannunku da hanya.

Ranka ya daɗe, a madadin duk ɓangarorin da suka haɗa hannu wajen shirya wannan zama, ina yi muku lale marhabin. Mun san yawan ayyukan da ke gabanku, da kun aiko wakili ma babu wanda zai ga laifinku. Sai ga shi kun taso da kanku, kuma zuwa da kai ya fi aike. Muna roƙon Allah ya saka da alheri.

Batun da ya tara mu ba ya cikin abubuwan da jama'a ke gani, amma kowa na taka shi kullum. Duk sanda mutum ya rubuta sunan shafi a wayarsa, sai an juya sunan nan zuwa lambar adireshin kwamfutar da ke ɗauke da shafin kafin ya buɗe. A can ƙolin wannan tsari akwai kundi guda da ake kira kundin tushe, wanda ya lissafa kowane ƙarshen suna, irin su .com da .org da na ƙasashe kamar .br da .jp, tare da bayanin wanda ke riƙe da shi. Manyan sabobin tushe 13, wato kwamfutocin da ke amsa tambayoyi kan kundin, masu ɗauke da haruffan A zuwa M, a hannun hukumomi 12, su ke watsa kundin ga duniya. In aka taɓa layi ɗaya a ciki ba bisa ƙa'ida ba, shafuka da saƙonnin imel na ƙasa sukutum za su iya ɓacewa. Shi ya sa tambayar wa ke da ikon sa hannu a kansa ta daɗe tana tayar da ƙura.

Shekaru da dama mutum ɗaya ne ya riƙe wannan aiki, wato Jon Postel na Jami'ar Kudancin Kalifoniya, ƙarƙashin sunan IANA, wato ofishin kula da sunaye da lambobin intanet. A wata takarda da ya fitar a 1994 ya bayyana cewa duk wanda aka damƙa wa sunan ƙasa amana aka ba shi, kuma wajibinsa ne ya yi wa al'umma hidima. Ya rasu a watan Oktoba na 1998, a shekarar da aka kafa ICANN, ƙungiya mai zaman kanta da ke kula da sunaye da adireshin intanet, a jihar Kalifoniya. Daga nan ICANN ta ci gaba da aikin, amma bisa kwangila da hukumar NTIA ta Ma'aikatar Kasuwancin Amurka.

Ranka ya daɗe, bari in nuna abin da kwangilar nan ke nufi a aikace kafin ta ƙare a 2016. A ce masu kula da sunan wata ƙasa sun sauya sabar da suke amfani da ita, suna son a gyara bayanin a kundin tushe. Za su aika buƙata ga ma'aikatan IANA, su kuma su bincika, su tabbatar daga masu haƙƙi ta fito. Daga nan sai a miƙa wa jami'in gwamnatin Amurka ya amince, sannan kamfanin Verisign ya shigar da gyaran ya wallafa. Ko da jami'in bai hana ba, ganin cewa sunan ƙasa mai cin gashin kanta na jiran izinin wata gwamnati ya isa ya ɓata ran kowa. An yi ta ja a kan haka a taron ƙoli na Majalisar Ɗinkin Duniya a Tunis a 2005, inda aka haifi IGF, dandalin tattauna yadda ake tafiyar da intanet, aka sake gwabzawa a taron ITU, hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a Dubai a 2012. Bayan tonon sililin da Edward Snowden ya yi a 2013 kan leƙen asirin da Amurka ke yi a intanet, sai abin ya ƙara zafi. A watan Oktoba na shekarar shugabannin manyan ƙungiyoyin fasahar intanet suka fitar da sanarwar Montevideo suna neman a gaggauta mayar da aikin hannun duniya.

Ranar 14 ga Maris 2014 NTIA ta bayyana cewa a shirye take ta sauke wannan nauyi. Ta gindaya sharuɗɗa, kuma mafi girma a ciki shi ne ba za ta karɓi tsarin da wata gwamnati ko wata ƙungiyar gwamnatoci za ta gaje kujerarta ba. Aka kafa kwamitin mutum 30 daga ɓangarori 13 don ya haɗa shawarwarin masu sunaye, da masu rabon lambobi, da injiniyoyin IETF masu tsara ƙa'idojin sadarwa. Shekara biyu ana fafatawa, yawanci 'yan sa kai ne, wasunsu na shiga taro ta waya da tsakar dare saboda bambancin lokaci. A nahiyar Afirka aka kammala, a taron ICANN na Marrakesh ta ƙasar Maroko, inda aka miƙa daftarin ranar 10 ga Maris 2016. A Amurka ma ba a bar shi ya wuce salin alin ba. Sanata Ted Cruz ya yi tsaye a kai, jihohi huɗu, Texas da Arizona da Oklahoma da Nevada, suka garzaya kotu. Alƙali a garin Galveston ya ƙi dakatar da shirin ranar 30 ga Satumba, kwangilar ta ƙare a daren, aka wayi gari 1 ga Oktoba 2016 babu sa hannun gwamnatin Amurka a kundin tushe. Mai amfani da waya bai ga wani canji ba, kuma a wannan sana'a tamu yabon da ya fi kowane ke nan.

Abin da ya maye gurbin ya cancanci a tsaya a kansa. Aikin IANA ya koma wani reshe na ICANN mai suna PTI. Aka kuma ba al'umma haƙori na gaske: ɓangarori biyar, wato masu rabon lambobi, da masu kula da sunayen ƙasashe, da masu sauran sunaye, da wakilan masu amfani da intanet, da kwamitin gwamnatoci na GAC, suna da ikon ƙin amincewa da kasafin kuɗi, da tsige darakta, har ma da rushe hukumar daraktocin baki ɗaya. Gwamnatoci ba su tashi a tutar babu. In suka haɗu a kan matsaya guda suka ba da shawara, hukumar ba ta iya yin watsi da ita sai da ƙuri'ar kashi 60 cikin ɗari na mambobinta. Tsarin ya gamu da gwaji mai tsanani a 2022, lokacin da Yukren ta nemi a cire .ru, ƙarshen sunan Rasha, daga kundin bayan Rasha ta mamaye ta. ICANN ta ƙi, ta ce aikinta shi ne intanet ta ci gaba da aiki ga kowa. A ganina wannan amsa daidai ce, duk da ɗacinta, domin ranar da aka mayar da kundin tushe makami, ranar kowace ƙasa za ta fara neman gina nata.

Ba za mu ɓoye muku abin da ke damunmu ba, ranka ya daɗe. Har yau ICANN na ƙarƙashin dokar Kalifoniya, takunkumin Amurka na shafar ta. Mafi ciwo kuma, ƙofa a buɗe take amma ba kowa ke iya shiga ba. Sau uku a shekara ake taro, ba a biyan kuɗin shiga, akwai zaman da kowa ke iya bin layi ya tsaya gaban makirufo ya yi wa daraktoci tambaya ido da ido, ɗalibi a bayan jakada. Abin sha'awa ne. Sai dai ainihin rubuta manufofi a ƙananan kwamitoci ake yi, cikin Turanci, wata da watanni, kuma manyan kamfanoni na da lauyoyin da ake biya albashi don su zauna a ciki. Malamin jami'a ko ƙaramin mai ba da intanet daga ƙasa mai tasowa, da aljihunsa da lokacin barcinsa yake biya. Abin da ya sami AFRINIC, wadda ke raba adireshi a Afirka cikin irin waɗannan hukumomi biyar na duniya, ya ishe mu darasi: shari'o'i suka dabaibaye ta, ta rasa cikakkiyar hukumar gudanarwa, har kotu a Mauritius, inda mazauninta yake, ta naɗa mata mai riƙo a 2023. Tsarin da ya dogara ga mambobi yakan raunana duk lokacin da mambobin suka yi sako-sako.

Saboda haka muna da roƙo. Muna so wakilin gwamnati a GAC ya kasance mutum tsayayye wanda zai daɗe a kujerar, saboda wanda ake sauyawa kowane taro ba ya gama gane batun kafin a wuce shi. Muna so kafin ya tafi ya zauna da mutanen da ke cikin ɗakin nan ya ji ta bakinsu, in ya dawo kuma ya faɗa mana abin da aka yi. Matasan injiniyoyinmu da masu bincike na buƙatar tallafi don su shiga kwamitocin, su riƙe alƙalami tun daga daftarin farko. Akwai kuma batun IPv6, sabon tsarin lambobin adireshi, tunda rumbun adireshin tsohon tsari, wato IPv4, na IANA ya ƙare tun 3 ga Fabrairu 2011. In hukumomin gwamnati suka fara komawa sabon tsarin, kamfanoni za su biyo baya. Mu ma a namu ɓangaren mun ɗauki alkawarin kawo muku bayani na gaskiya a kan lokaci, da halartar duk zaman da kuka kira mu.

Bayan jawabinku, injiniyoyinmu za su nuna yadda buƙatar gyara ke tafiya daga mai kula da sunan ƙasa har ta shiga kundin tushe, sannan a buɗe fili don tambayoyi. Allah ya ƙara lafiya da basira, ya mayar da ku gida lafiya. Jama'a, a taya ni tarbar Mai girma Minista. Ranka ya daɗe, bismillah, ga dandamali.