Detroit Lions: Ƙungiyar da ke duba halin yaro kafin ta duba gurbinsa

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka. Yau za mu bar Firimiya da La Liga su ɗan huta, mu leƙa Amurka, wajen wasan nan da ƙarti ke sa hular kwano da sulke, a rungumi ƙwallo mai siffar gwanda a ruga da ita. Su dai ƙwallon ƙafa suke ce mata, ko da yake ƙafa ba ta cika taɓa ta ba. Batunmu ƙungiya ɗaya ce a gasar NFL, wato Detroit Lions, da irin samarin da take ɗauka tun daga 2021.

Sai mun fara da yadda ake samun ɗan wasa a can, domin ba irin na Turai ba ne, inda mai kuɗi ke saye gwani ya bar talaka da hamma. Ƙungiyoyi 32 ne, babu wadda ke faɗawa ƙaramin rukuni, kuma an ƙayyade jimillar albashin da kowacce za ta biya. Duk ƙarshen Afrilu ana zaman kwana uku a raba samarin da suka fito daga jami'o'i, zagaye bakwai, mutum 250 da 'yan kai. Wadda ta zo ta kashin baya a kakar da ta wuce ita ke fara ɗauka, zakara kuma sai a ƙarshe. Yaron da aka ɗauka yana shiga kwantiragin shekara huɗu a kan albashi mai sauƙi. Don haka ƙungiyar da ta iya zaɓe tana samun gwanaye da araha, wadda kuwa ba ta iya ba, kuɗi ba za su fisshe ta ba.

Detroit ta daɗe tana cikin waɗanda ba su iya ba. Rabonta da kambun gasar tun 1957. Tsakanin 2003 da 2007, sau huɗu tana amfani da zaɓenta na cikin goman farko ta ɗauki masu cafe ƙwallo: Charles Rogers, Roy Williams, Mike Williams, sai Calvin Johnson. Ado ake ta saye alhali ginin ba shi da harsashi. Calvin Johnson ne kaɗai ya zama gagarabadau, shi ma ya gaji ya ajiye wasa yana ɗan shekara 30. A 2008 kuwa ƙungiyar ta buga wasa 16 ta sha kashi a duka 16, abin da ba a taɓa gani ba kafin nan. Birnin ma haka yake fama. Garin da ya yi suna da ƙera motoci, mai mutum kusan miliyan biyu a 1950, ya koma ƙasa da dubu 700, a 2013 ma hukumar birnin ta je kotu ta ce ta karye.

A Janairun 2021 mai ƙungiyar, Sheila Ford Hamp, ta gidan masu kamfanin Ford, ta ɗauko mutum biyu. Brad Holmes ya zama janar manaja, shi ne mai wuƙa da nama wajen zaɓe, kuma ya shafe shekara 18 a ƙungiyar Rams, yawancinsu yana yawon jami'o'i yana duba yara. Dan Campbell ya zama koci. Tsohon ɗan wasan Detroit ne, yana cikin waɗanda suka ɗanɗana baƙin cikin 2008. Ranar da aka gabatar da shi ga manema labarai ya ce ƙungiyarsa in an kayar da ita za ta tashi, kuma a hanyar tashin sai ta gatsi ƙoƙon gwiwar wanda ya kayar da ita. Amurka ta kwashe da dariya, aka mai da shi abin barkwanci. Amma wannan magana ita ce ma'aunin da aka riƙa auna yara da shi: mai naci, mai jure duka, wanda wasan ya shiga jininsa.

Ku dubi wanda suka fara ɗauka. Lamba ta bakwai ce a hannunsu. Cincinnati da Miami da ke gabansu duk masu cafe ƙwallo suka ɗauka, irin 'yan wasan da ke cika fili da 'yan kallo. Detroit sai ta ɗauki Penei Sewell, haifaffen tsibirin Samowa ta Amurka, ɗan shekara 20, mai nauyin kilo 150 da ɗoriya. Aikinsa tare hanya: ya tsaya a katangar gaba ya hana a taɓa mai jefa ƙwallo, ko ya ture mutum ya buɗe wa mai gudu hanya. Aiki ne da ba a tafa masa. Kyamarar da ke ɗakin zaɓen ta nuna Holmes ya zabura yana dukan tebur yana rungumar jama'a kamar wanda aka yi wa albishir da haihuwa. Zaɓe biyun da suka biyo baya, Levi Onwuzurike da Alim McNeill, su ma ƙartin layin gaba ne, amma na ɓangaren tsaro. Mutum uku na farko, duk masu aikin ƙarfi. Onwuzurike ɗin nan iyayensa 'yan Najeriya ne, haka ma Ifeatu Melifonwu da aka ɗauka a zagaye na uku. Detroit dama ba baƙuwar 'yan Afirka ta Yamma ba ce, domin a 2013 ta ɗauki Ezekiel Ansah na Ghana a lamba ta biyar.

Mai cafe ƙwallo sai a zagaye na huɗu, lamba ta 112, kuma a wurina wannan yaro shi ya fi kowa bayyana abin da ake nema. Sunansa Amon-Ra St. Brown, mahaifiyarsa Bajamushiya, mahaifinsa tsohon zakaran gina jiki. Ba shi ne mafi tsawo ba, ba shi ne mafi gudu ba, shi ya sa aka ɗauki masu cafe ƙwallo 16 kafin a waiwaye shi. Yaron nan ya haddace sunayen duka 16 ɗin, da jami'ar kowa, yana jero su kamar mai tilawa duk lokacin da aka tambaye shi. Bayan an tashi atisaye, abokansa sun wuce wanka, shi yana tsaye gaban na'urar harba ƙwallo sai ya cafe guda 202 cif. Ɗari biyun mun gane, amma biyun nan na sama su ne halin mutumin. Sannan idan aka ba wani ƙwallo ya ruga, St. Brown yana shiga ya tare masa abokin gaba da kafaɗa, aikin da manyan taurarin gurbinsa da yawa ke yi da ƙyar.

Kakar farko ba ta yi daɗi ba: nasara uku, rashin nasara 13, canjaras ɗaya. Sai dai wannan ya ba su lamba ta biyu a 2022. Jacksonville ta ɗauki Travon Walker a ta ɗaya, Detroit ko numfashi ba ta tsaya yi ba ta miƙa sunan Aidan Hutchinson, mafaraucin masu jefa ƙwallo, ɗan jihar Michigan, wanda ya taso a Plymouth kusa da birnin, ya yi wasa a jami'ar da mahaifinsa ya yi. Ɗan gida, kuma mai irin halin. Wannan zaɓe ko makaho zai yi shi.

Inda aka yi ce-ce-ku-ce shi ne 2023. Akwai wata ƙa'ida da masana lissafin wasan suka kafa, kusan ta zama doka: zagayen farko na gurabe ne masu tsada, mai jefa ƙwallo, mai farautarsa, mai kare shi, mai cafewa da mai hana cafewa. Mai rugawa da ƙwallo kuwa, in ji su, jikinsa na saurin lalacewa, kuma ana samun irinsa a zagaye na huɗu da na biyar, don haka ɓarnar zaɓe ce. Hujjarsu tana da ƙarfi, ba raina ta nake ba. Holmes yana riƙe da lamba ta shida, wadda ya samo daga Rams a cinikin da ya ba da mai jefa ƙwallonsu Matthew Stafford ya karɓi Jared Goff a wannan gurbi. Sai ya yi musanye da Arizona, ya koma ta 12, ya sami ƙarin ta 34. A ta 12 ya ɗauki Jahmyr Gibbs, mai rugawa da ƙwallo, alhali a watan da ya gabata ya ɗauko David Montgomery a wannan gurbi. A ta 18 ya ɗauki Jack Campbell, mai tsaron tsakiya, wani gurbin da masanan suka ce ba ya tsada. Shi wannan Campbell ba dangin kocin ba ne, suna ne kawai ya zo ɗaya. Washegari masu sharhi suka yi wa Detroit ca, wasu suka ce ita ce ta fi kowa asara a daren.

Gani ya kori ji. Ranar buɗe kaka, 7 ga Satumban 2023, a gidan zakarun Kansas City, Brian Branch da aka ɗauka a lamba ta 45 ya cafke ƙwallon da Patrick Mahomes ya jefa ya ruga da ita har gidan ci, wato ƙarshen fili inda ake samun maki, Detroit ta yi nasara 21 da 20. Branch ɗin nan shi ne wanda aka gayyata zauren zaɓe daren farko ba a kira sunansa ba, maimakon ya tattara ya koma gida kamar yadda wasu ke yi, sai ya kwana ya dawo washegari ya hau dandamali. Sam LaPorta na lamba ta 34 ya cafe ƙwallo 86, abin da sabon shiga a gurbinsa bai taɓa yi ba kafin lokacin. Ƙungiyar ta ci wasa 12, ta lashe rukuninta karon farko tun 1993, ta doke Rams ta Stafford 24 da 23 a wasan sili-ɗaya-ƙwale, nasarar da rabonta da irinta tun Janairun 1992. A kakar 2024 ta ci 15 cikin 17, Gibbs ya kai ƙwallo gidan ci sau 20, ba wanda ya kai shi a duk gasar.

To, a nan zan rabu da masu yabo kaɗan. Ana son a ce naci da taurin rai ne suka kawo duk wannan, har kocin yana yawo da hula mai ɗauke da kalmar Turanci mai wannan ma'ana. Ni ban yarda labarin ya tsaya nan ba. Gibbs ba don taurin rai aka ɗauke shi ba, don gudu ne. Jameson Williams, wanda Holmes ya haura daga lamba ta 32 zuwa ta 12 a 2022 domin ya same shi, ya zo da tsinkakkiyar jijiyar gwiwa, aka dakatar da shi a 2023 saboda karya dokar caca, aka sake dakatar da shi wasa biyu a 2024. Aka yi haƙuri da shi saboda in ya ƙetare mutum ba a kamo shi. Abin da ya faru a zahiri shi ne tsari: an fara da katanga, sannan aka zuba masu gudu a bayanta. Gibbs a bayan Sewell daban ne da Gibbs a bayan rusasshiyar katanga. Da Detroit ta 2005 ce ta ɗauke shi, da yanzu muna lissafa shi cikin asarorinta.

Sannan dogaro da kai irin na Holmes yana da tsada. Ya ba da zaɓe uku domin ya haura ya ɗauki Brodric Martin a 2023, yaron bai taɓuka komai ba, aka sallame shi a 2025. Hendon Hooker, mai jefa ƙwallo da aka ɗauka a zagaye na uku duk da raunin gwiwa, shi ma aka sallame shi a wannan shekara. Onwuzurike ya rasa kakar 2022 ɗungurungum saboda ciwon baya, Josh Paschal, wani ɗan layin tsaro da Holmes ya ɗauka, shi ma rauni ya yi ta bibiyarsa. Holmes yana da son ɗaukar mai rauni da araha yana fatan ya warke, wani lokaci ta biya, wani lokaci a tashi a tutar babu.

Halin nan yana bin su har cikin fili. A wasan ana ba ka dama huɗu ka ci yadi goma, yawancin masu horarwa in an zo ta huɗu sai su buga ƙwallon su karɓi maki uku, ko su kore ta nesa. Campbell ya fi son ya gwada sa'arsa. A Janairun 2024, saura wasa ɗaya su kai ga na ƙarshe, suna gaban San Francisco 24 da 7 a hutun rabin lokaci. Sau biyu bayan an dawo ya ƙi bugun maki uku, sau biyun aka hana shi, Gibbs kuma ƙwallo ta kuɓuce masa a tsakani, aka tashi 34 da 31. Shekara guda bayan haka, tsaronsu ya ragargaje da rauni, Hutchinson ya karya ƙafa tun Oktoba a Dallas, Washington ta zo har gida ta yi musu 45 da 31.

Duk da haka ba su sauya ma'auni ba. A 2025 sun fara da Tyleik Williams, ƙaton layin tsaro, a lamba ta 28, a zagaye na shida kuma suka ɗauki Ahmed Hassanein, wanda ya taso a Masar, bai san wasan ba sai da ya koma Amurka yana saurayi, ɗan Masar na farko da aka taɓa zaɓa a gasar. Amma wanda ni nake sa wa ido shi ne Tate Ratledge, ɗan katanga daga jami'ar Georgia, lamba ta 57. Dalili kuwa, katangar da ake wa Holmes kirari da ita ba shi kaɗai ya gina ta ba, gado ya tarar: Taylor Decker tun 2016 aka ɗauke shi, Frank Ragnow kuma a 2018, dukansu kafin zuwansa. Ragnow, wanda ke tsakiyar katangar yana miƙa wa Goff ƙwallo, ya yi ta wasa da ciwon yatsan ƙafa shekara da shekaru, ya ajiye a Yunin 2025 yana ɗan shekara 29. Ben Johnson da ke tsara farmaki ya tafi Chicago, Aaron Glenn da ke tsara tsaro ya tafi New York Jets. Sewell da St. Brown da Goff duk sun karɓi manyan kwantiragi a 2024, kwanakin gwanaye da araha sun wuce, kuma ƙungiyar da ke cin wasa ba ta samun lamba ta biyu ko ta bakwai. Muddin suna cin wasa, daga ƙarshen layi Holmes zai riƙa nemo masu tsaya wa Goff.