Laccar gareji: sauke injin a tsohuwar a-kori-kura mai giyar otomatik, ina ake barin kwanbata?

Assalamu alaikum. Ogoginmu da ke zaune a gaba barkanku da haƙuri, ku kuma yara ku matso nan kusa don yawanci a hannunku ɓarnar nan take faruwa.

Toh, mu nan da manuwal muka taso, ka kwance giyabos ka ja injin ya fito da filawil da kulochi duka a jikinsa babu ruwanka, shi ya sa in aka kawo tsohuwar Ford F-150 ko Chevrolet Silverado irin waɗanda ake shigowa da su ta Kwatano sai yaro ya yi mata irin wannan aikin. A otomatik kwanbata, wato tulun ƙarfen nan mai cike da man giya da ke tsakanin injin da giyabos a madadin kulochi, ta giyabos ce. A can za ka bar ta, injin ya fito shi kaɗai da farantinsa, wato faifan ƙarfen da ke bayan injin a madadin filawil, wanda ake ɗaure kwanbata a jikinsa.

Dalili kuwa, wuyan kwanbata shi ne yake shiga ciki ya juya famfon man giya, akwai sil da bushi da suka kama wuyan nan. In ka finciko ta tare da injin a karkace, sil ya yage, bushi ya ci, man giyar da ke cikinta kuma lita da yawa ne, duk ya malale maka a ƙasa.

Ka fara cire kan batir. Ka shiga ƙarƙashi ka kwance murfin da ke ƙasan kwanon giyabos, wato ɓangaren gaba da kwanbata ke zama a ciki, wasu motocin kuma sai ka cire kik tukuna ka samu ƙofa ta raminsa. Wani ya sa soket a babban bol ɗin fulin karanshaf yana juya maka injin a hankali, kana cire bol ɗaya bayan ɗaya. Chevrolet mai giyabos 700R4 ko 4L60E guda 3 ne, Ford mai C6 ko E4OD noti 4 ne a kan sitod, Toyota mai A340 guda 6. Ka sa alama da fenti inda faranti ya haɗu da kwanbata. Sannan ka tura ta baya wajen giyabos, za ka ji ta matsa kaɗan, in ta ƙi to tsatsa ce ta riƙe hancinta a bayan karanshaf, ka zuba mai ka lallaɓa ta, kar ka doka. Jak a ƙarƙashin giyabos kafin ka ɗaga cen bulok. Injin na fita ka ɗaure sifana a gicciye da bol ɗaya a bakin kwanon don kar ta zamo.

Na ji wani a baya yana cewa in injin ya buga ba ya juyawa fa? Eh wannan ita ce mai wuyar. Ka sauke kwanon baƙin mai ka sassauta metal ɗin da ke riƙe da karanshaf, sau da yawa zai juya. In ya ƙi, ka cire lagireto ka ja su tare a miƙe sak, ka ajiye daro a ƙasa, kuma sil sabo za ka sa, kar ma ka tsaya ciniki da mai mota.

Amma wallahi inda aka fi kashe giyabos wajen mayarwa ne, ku saurara da kyau. Kwanbata hawa uku take shiga: haƙoran shaf na ciki, haƙoran na waje da ba ya juyawa, sai na ƙarshe inda wuyanta ke zama cikin famfo. Ka shafa man giya a wuyan, in sabuwa ce ka zuba mata kamar lita 1, kana juyawa kana turawa kana ɗan ɗaga ta har ka ji ta faɗa, ta sake faɗawa, ta sake. Yara da yawa a na biyu suke tsayawa su ce Oga ta zauna. Ba ta zauna ba! Ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a bakin kwanon ka auna, a Chevrolet ɗin nan kunnuwanta inda bol ke shiga sai sun nutse wajen inci 1.

In ka haɗa injin ka ga tazara ta rage tsakaninsa da giyabos kar ka ce bol zai jawo shi, ai bol ɗin zai jawo ɗin, amma kwanbata ce take danne famfo, ka ji ƙas, shi ke nan, ka tada mota ka sa D ta tsaya tana kallonka, sai ka tafi Ƙofar Ruwa ko Panteka neman famfo da kuɗin aljihunka. Dole su haɗu da kansu a kan fin biyun nan da ke daidaita injin da giyabos. Bayan ka ɗaure ka sa hannu, kwanbata ta juya sakayau, kuma kai ne za ka jawo ta gaba kamar milimita 3 zuwa 5 ta taɓa faranti. A Ford ba za ta juya ba saboda sitod sun riga sun shiga, amma ta yi ɗan motsi, kuma ka duba bol ɗin tsiyayar manta ya faɗa ramin da aka bar masa a farantin. Ka ɗaura dukkan bol da hannu tukuna kafin ka matse na farko.

An kira sallah, bayan la'asar mu haɗu wajen farar Silverado ɗin can kowa ya sa hannu ya ji faɗawar nan ta uku.